Golf 3 ɗina ta ishe ni, in sa mata wani inji ko in haƙura da tuƙi?

Salam 'yan uwa, masu ilimin mota don Allah ku ba ni shawara.

Ina da Golf 3 ƙirar 1996, wata uku kenan tana zafi, da na shiga cunkoso ko na minti goma ne sai allura ta haura ja, ruwan lagireto ya kama tafasa. Da safe kuma farin hayaƙi ke fita ta salansa, jiya na zaro sandar auna baƙin mai na ga ya koma kamar shayi da madara.

An wanke lagireto, an canza fanka da famfon ruwa, daga baya makanikina ya ce gaskit ne ya ƙone, aka sauke kan inji aka kai aka goge aka sa sabon gaskit. Sati biyu ta yi lafiya sai abu ya dawo, kullum da jarkar ruwa nake yawo a but. Yanzu wai kan injin ne ya tsage sai dai in je kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano in sayo injin Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, kuma kuɗin da ya faɗa min ya kusa rabin abin da za a taya motar gaba ɗaya, ga giya ma ta fara ƙara.

Gaskiya tun cire tallafin mai a 2023 adaidaita sahu ya fi min sauƙi zuwa aiki, lalurar yara da daddare kawai nake tsoro.

Wanda ya taɓa sa wa mota mai shekaru haka injin Beljiyam, tana yin shekara biyu ba matsala ko in sayar da ita a yadda take kawai?