Mama, Ina Kaka?

'Yar Kaltungo: Salama a gare ku 'yan'uwa. Yau kwana tara da rasuwar Baba. Na kasa ba autata amsa, shi ne na kawo muku. Duk mai amsawa ya riƙe mini amon "ka".

Ran Talata muka kai shi makwanci,
Zumuntar mata na waƙa, ni ko sai ɗaci,
Da taro ya watse aka kwashe benci,
Sai auta ta ce, "Mama, ina Kaka?"

Fasto ya ce yana wurin Ubangiji,
Maƙwabci ya ce barci yake, ba ya ji,
Na ɓace tsakaninsu kamar a daji,
Me zan ce wa yarinya ta bar kuka?

Dattijon Billiri: Sannu da rashi, 'yata. Allah ya ba da haƙuri.

Share hawaye, 'yata, ki buɗe Littafi,
Ɓarawo kan gicciye ba sauran ƙarfi,
Ya ce a tuna da shi, amsa ta zo da zurfi,
Yau kana Firdausi tare da ni, in ji Luka.

Bulus daga kurkuku ya ce da Filibiyawa,
Ya fi son tafiya gun Almasihu da zaunawa,
Wa ke ɗokin barcin da ba sanin kowa?
Babanki ya isa gida, ni ba na shakka.

Abin da aka koya wa iyayenmu ke nan tun da 'yan mishan suka sauka Kaltungo a 1917.

Ɗan Asabar (na cocin Adventist, masu sujada ran Asabar): 'Yar'uwa, ya haƙuri? Baba, a gafarce ni, yaro zai tanka.

Da girmanku, Baba, ku bar ni in yi bayani,
Mai Hadishi tara aya biyar, ku duba ku gani,
Matacce bai san kome ba, ya rabu da sani,
Numfashi ya koma ga Mai shi, jiki ya koma laka.

Ran da Li'azaru ya mutu a Betanya,
Yesu ya ce barci yake, ya kama hanya,
Kwana huɗu a kabari, ya dawo duniya,
Bai ba da labarin sama ba bayan ya farka.

Batun "yau" ɗin nan kuma, tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci ba su da waƙafi. Ku matsar da shi gaba kaɗan, sai maganar ta koma: ina gaya maka yau, za ka kasance tare da ni. Mu 'yan Asabar ƙahon ranar tashin matattu muke jira, kamar yadda 1 Tasalonikawa 4 ta ce.

Dattijon Billiri:

Ɗana, ka jingina gininka da waƙafi,
Je Wahayi shida, kusa da ƙarshen Littafi,
Rayukan shahidai ƙarƙashin bagade na kira da ƙarfi,
"Har yaushe?" Mai barci yana tambaya haka?

Gardamar nan ta girmi kakanninmu. Yohanna Kalbin, malamin nan na Furotesta, yana saurayi, a 1534, ya zauna ya rubuta raddi ga masu cewa rai barci yake yi. Ga shi har yau ba a gama ba.

Ɗan Asabar: Wahayi dai misali ne, Baba. A cikin surar nan har dawakai huɗu akwai.

Katikis na Gombe: Allah ya jiƙan Baba. Mu muna tare da Dattijo cewa rai ba ya mutuwa, majalisar Lateran ta biyar ma, babban taron shugabannin Katolika a Roma, ta tabbatar da haka a 1513. Sai dai ya tsallake zango guda, wurin tsarkakewa.

Wa zai shiga fadar sarki da dauɗa?
Addu'a don matattu, Makabiyawa sun faɗa,
Biyu ga Nuwamba sunayensu za mu haɗa,
Ki ba ni na Baba mu roƙa masa, mu Katolika.

Ɗan Asabar: Makabiyawa ba ya cikin littattafai 66 da ke hannunmu.

Dattijon Billiri: A nan kam ni da ɗana bakinmu ɗaya. A rubuta ranar!

'Yar Kaltungo: Kun sa na yi dariya, rabona da ita tun kafin Baba ya kwanta. Malam Katikis, na gode ƙwarai, amma Baba dattijon ECWA ne, da yana nan ba zai yarda ba, bari in bar shi kan abin da ya riƙe. Ran Alhamis ma Shaidun Jehobah sun zo gaisuwa, suka buɗe mini Ezekiyel 18:4, wai ran ma kansa mutuwa yake sai ranar tashi. Na ba su kunu suka tafi. Ga yadda muka yi da auta jiya:

Na kai ta gonarsa da yamma, ga dawa,
Wadda ya shuka da hannunsa ta soma nunawa,
Na ce Bulus ya faɗa wa Korantiyawa,
Ƙwaya sai ta mutu take tsira, haka aka shuka Kaka.

Ta yi shiru, ta dubi ƙasa, ta dube ni,
Ta ce, "Mama, ga shi an kusa shiga rani,
Wa zai riƙa kai masa ruwa, ke ko ni?"
Baba Dattijo, wannan taku ce, ku ɗauka.