Gudawar 'yan maruƙa: abin da masu kiwo suka tattauna

Bakin masu kiwon shanun madara da likitocin dabbobi ya zo ɗaya: gudawa ce kan gaba wajen kashe 'yan maruƙa a watansu na farko. Kwanakin maraƙin kan nuna ƙwayar cutar da ta jawo gudawar. E. coli na bugu a kwanakin farko, rotabairos da kiriftosiforidiyam kuwa daga mako ɗaya zuwa uku.

An fi jaddada dakashi: maraƙi ya sha kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin awa shidan farko. In zawo ya kama shi, a ware shi, a ɗura masa ruwan gishiri da gulukos, kada a yanke masa nono, domin ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Masu garajen allurar antibayotik sun sha suka, tunda ba ta taɓa ƙwayoyin bairos irin su rotabairos. A riƙa wanke hannu, domin kiriftosiforidiyam na kama mutum.