Na tsinci 'yan kwikwiyo huɗu a kango, yaya zan yi da su?

Baban Khadija, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun ranar Litinin. A bayan gidanmu akwai wani kango da aka kai gininsa linta aka bari shekara da shekaru, kuma tun shigowar sanyin nan wata karya ta haihu a cikinsa. Ba ta kowa ba ce. Da dare take fita neman abinci a bola da wajen masu nama, kafin asuba ta dawo wurin 'ya'yanta. Ranar Litinin da sassafe mota ta buge ta a bakin titi, nan take ta mutu.

Da na taso daga makaranta bayan la'asar, sai na tarar yaran unguwa sun kewaye kangon suna jifa, wani ma ya ɗaura wa ɗaya igiya a wuya yana jan ta a ƙasa. Na kore su na shiga, na sami sauran ukun sun cure wuri ɗaya a kan tsohon buhun siminti suna rawar ɗari, muryarsu har ta dushe don kuka. Idanunsu a buɗe suke, haƙora sun fara tsirowa, suna iya tafiya amma da tangaɗi. Zuciyata ba ta ba ni in juya in bar su ba, don haka na sa su a kwali da tsummoki na ajiye a tsohon kejin kaji da ke ƙuryar gida.

Yau kwana uku ke nan ina ba su madarar gari da koko, biyu daga cikinsu kuma sun fara zawo. Mahaifiyata ta kira ni ta ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, maiɗakina tana tsoro saboda yara, wani maƙwabci kuma ya ce in kai su bayan gari in zubar, Allah da ya halicce su zai ciyar da su. Ni dai na san zubar da su a wannan hunturun daidai yake da kashe su. Ba ni da gona, ba ni da garke, ba kuma na farauta, saboda haka ba niyyata ba ce in riƙe su har abada. Abin da nake so in sani shi ne yadda zan raine su har su yi ƙwari ba tare da na jefa iyalina cikin haɗari ko na saɓa wa addini ba, da kuma irin mutumin da ya kamata in danƙa wa su daga baya.

Likitan Dabbobi, Katsina

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. Daga kwatancin da ka yi, 'yan kwikwiyon nan sun kai mako uku zuwa huɗu, domin ido yana buɗewa tsakanin kwana 10 da 14, haƙora kuma daga wajen mako na uku. Wannan ya sauƙaƙa maka aiki, tun da sun isa fara lasar abinci da kansu.

Zawon da kake gani mai yiwuwa daga madarar ne. Nonon saniya, da madarar gari da ake yi daga gare shi, ba su dace da cikin kwikwiyo ba. Ka daina ba su, ka koma dama musu kunu mai ɗan kauri da dafaffen ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya, kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, da ruwa mai tsafta a gefe. Kada ka ba su ragowar miya mai albasa da yaji, domin albasa tana lalata musu jini, kada kuma a jefa musu dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji. Da dare ka zuba ruwan ɗumi a gora ka naɗe da tsumma ka sa musu a kwalin, saboda sanyi ya fi yunwa saurin kashe masu irin wannan ƙanƙanta. A makon nan ka kai su asibitin dabbobi a auna nauyinsu a ba su maganin tsutsar ciki, wanda ake maimaitawa duk mako biyu har su kai wata uku. Idan zawon ya zo da jini da amai da wari mai tsanani, kada ka kwana, akwai cutar parvo da ke gamawa da kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, rigakafinta kuma ana fara shi ne daga mako shida zuwa takwas. In ka ga kaska ko ƙuma ko ƙazwa, ka bar wa ma'aikacin asibiti ya zaɓi magani. Na sha karɓar karnukan da aka shafa wa baƙin mai ko maganin feshin gona, fata ta saluɓe, wasu ba su tashi ba.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne ciwon haukan kare. Uwarsu ba a san tarihinta ba, kuma kwikwiyo yana iya ɗauke da cutar alhali ana ganin sa lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, wajen kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Don haka kai kaɗai za ka riƙa kula da su, yara su yi nisa, ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa su. Idan ɗaya ya ciji wani ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar domin allurar da ake yi wa mutum, shi kuma kwikwiyon a killace shi a sa masa ido kwana 10. Allurar rigakafin haukan ana yi musu ita da sun cika wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta a nan gida Najeriya. Shawarata ita ce kada ka ba kowa ko ɗaya sai da katin rigakafinsa a hannu.

Maman Sadiq, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in sare maka gwiwa ba ne. Ɗan yayata yana da shekara tara lokacin da ya tsinto wani ɗan kwikwiyo a hanyar makarantar allo. Kwikwiyon ya ɗan cije shi a idon sawu, ciwon bai fi tsagar reza ba. Aka kai shi wani kemis aka goge wurin aka yi masa allurar tetanus, kowa ya manta. Bayan kamar wata biyu ya fara zazzaɓi da firgita, ana miƙo masa kofin ruwa sai ya ƙanƙame jiki yana kakari, ga ƙishirwa tana cin sa amma ya kasa haɗiya. Mun yi ta rubutu da tofi muna zaton iska ce. Da muka isa asibiti likita ya ce an makara, domin cutar in ta bayyana ba ta da magani. Kwana huɗu ya yi Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga ranar ba na iya ganin yaro riƙe da kwikwiyo ban yi magana ba. Tsoron da maiɗakinka take ji gaskiya ne, kada ka ɗauke shi rashin tausayi. Likitan dabbobi ya ce yara su yi nisa, amma duk uwa ta san yaro ba ya nisa da abin da ke motsi a cikin gidansu, musamman idan uban ya fita aiki. Ban ce ka zubar da su ba, wallahi ni ma ba zan iya ba. Abin da nake roƙo shi ne ka sa wa kejin nan kwaɗo, makullin yana aljihunka, ko kuma ka nemi wurin da babu yara tun yanzu, kada ka jira wata uku.

Malam Abu Hafsa, Daura

Allah ya jiƙan yaron, Hajiya, ya sa mai ceto ne. Ɗan'uwa Baban Khadija, maganar mahaifiyarka tana da asali, domin hadisin mala'iku ya inganta a Bukhari da Muslim, haka ma hadisin da ya ce wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, za a riƙa tauye masa ƙiraɗi, wato wani kaso, daga ladansa kullum. Amma a cikin littattafan nan biyu ne kuma Abu Huraira ya ruwaito labarin mutumin da ya ga kare yana lasar danshin ƙasa don ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ciko huffinsa ya riƙo da baki ya shayar da shi, Allah ya gode masa ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Abin da aka hana shi ne riƙon kare a gida ba tare da buƙata ba. Ceton ran da zai halaka, na ɗan lokaci, a keɓe da ɗakunan kwana da wurin salla, da niyyar miƙa shi ga wanda shari'a ta yarje wa, a fahimtata ya fi kusa da aikin mai huffin nan.

Game da tsarki, a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki kuwa ta'abbudi ne, wato bin umarni. Duk da haka ka ware musu kwanonsu daban. Ibn Abi Zaid ya ambata a Risala cewa an hana sayar da karnuka, an kuma yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙonsa, saboda haka kyauta ta fi maka kuɓuta daga saɓani. Ka je ka zauna da mahaifiyarka ka yi mata wannan bayani cikin ladabi, ka faɗa mata ranar da za su bar gidan. Idan duk da haka ranta bai kwanta ba, haƙƙinta ya fi ƙarfi, sai ka gaggauta nema musu wani wuri.

Manomi, hanyar Zango, Daura

Malam, ni ina da lambu da ɗan garken awaki, kuma kakanmu mafarauci ne, a cikin karnuka na tashi. Karen da ke gadin lambuna ya tsufa, don haka idan ka amince zan karɓi biyu, tun yanzu ma in ka so, domin a lambun akwai ɗaki kuma babu yaro. Ranar rigakafi in ta zo ni zan kai su, in turo maka hoton katin.

Sauran biyun kuma ka yi hattara da wanda za ka ba. Kada ka ba yaro ko saurayin da ya zo shi kaɗai yana sha'awa, sai ka ga maigidan da kansa ya ce ya yarda, in ba haka ba mako guda za a koro karen ya koma bola, tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Ka tambayi mutum aikin da karen zai yi masa, da abin da zai ci, da inda zai kwana, in da hali ka taka ka ga wurin. Na san gidan da aka ɗaure kare da guntuwar sarƙa a rana shekara biyu ana jefa masa ƙanzo, ranar da ya tsinke kuwa maigidan ya fara cizo. Akwai kuma masu yawo ƙauyuka suna tara karnuka a keji ana lodin su zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a Filato, inda ake sayen su don nama. Duk wanda ya ce zai kwashe maka su gaba ɗaya bai tambayi komai a kansu ba, ka bincike shi.

Matan cikinsu su ne za su yi maka wuyar shiga, kowa namiji yake so, domin karya tana iya haihuwa sau biyu a shekara, cikinta wata biyu ne kawai. Da haka kangaye ke cika. Ni ka ba ni mace ɗaya, idan ta girma zan kai ta a yi mata aikin hana haihuwa, namijin kuma a fiɗiye shi ya rage yawon dare.

Baban Khadija, Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, tun daren da na karanta labarinki na sa kwaɗo a kejin, na kuma karanta wa maiɗakina shi. Jiya na kai su asibitin dabbobi an ba su maganin tsutsa, zawon ɗaya ya tsaya, amma ƙaramar cikinsu, wadda aka ja da igiya, ba ta kai safiyar yau ba. Na haƙa rami a kangon na binne ta.

Malam, na zauna da mahaifiyata kamar yadda ka ce, ta yarda su kai ranar Asabar, har ta aiko da ragowar kifi. Ɗan'uwa na Daura, na karɓi tayinka, zan kawo mace ɗaya da namiji ɗaya da kaina ranar Asabar da hantsi in Allah ya kai mu, in ga lambun. Na ukun kuma wani mai gadin gonar kaji a hanyar Batagarawa ya nuna yana so, na ce masa sai na yi magana da mai gonar tukuna. Likita, tun da za su rabu kafin lokacin allurar parvo, shin zan iya karɓar kati daban ga kowannensu tun yanzu, a rubuta ranakun da za a kai su?