Hoton tauraron ɗan'adam zai iya nuna ko itatuwan da muka dasa sun rayu?

Mai_Dashe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan da ƙungiyarmu ta dasa itatuwa a filaye huɗu, don tare iska da rage zaizayar ƙasa. Yanzu masu tallafa mana suna so mu nuna musu nawa suka rayu. Filayen sun yi nisa da juna, zagaya su a ƙafa sai ya ci kwanaki. An ce mini ana iya dubawa daga sama kyauta. Haka ne? Ni dai waya ce da tsohuwar kwamfuta a hannuna.

Malamar_Taswira:
Wa alaikumus salam Malam. Haka ne, amma da sharaɗi. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsu a 2015, suna ɗaukar hoton wuri kusan duk bayan kwana biyar, kuma ba a biyan komai. Sai dai kowane ɗigo a hoton yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Dashen shekara uku inuwarsa ba ta cika wannan fili ba, don haka ka cire rai da ƙirga su ɗaya-ɗaya. Abin da za ka gani shi ne ko korayen filin yana ƙaruwa shekara bayan shekara.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa NDVI. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, ya mayar da wani haske da ido ba ya gani, na'urar tauraron kuma tana gani. Daga bambancin biyun ake fitar da lamba, wadda ke hawa idan ganye ya ƙaru.

Inda mutane da yawa ke faɗawa rami: ɗaukar hoton damina. A lokacin ciyawa ta rufe ko'ina, filin da babu itace ko ɗaya ma zai fito kore shar. Ka zaɓi ƙarshen rani, ciyawa ta bushe, sai itacen da bai zubar da ganye ba. Kuma wata ɗaya za ka kwatanta a kowace shekara.

Injiniya_B:
Ƙari kaɗan. Idan kana son ganin yadda wurin yake kafin dashe, hotunan taurarin Landsat na Amurka sun faro tun 1972, an sake su kyauta a 2008. Manhajar QGIS, wadda ake buɗe hotunan da haɗa taswira da ita, ita ma kyauta ce, tsohuwar kwamfutarka za ta iya da ita. Amma fara zagaya iyakar kowane fili da GPS ɗin wayarka, sau ɗaya tak.

Tsohon_Gandu:
Ɗan'uwa, kada ka jingina da hoto kaɗai. Na taɓa murna da wani fili da lambarsa ta yi ta hawa, da na je na tarar ƙaya ce ta mamaye shi, dashenmu rabi ya mutu. Abin ya yi mini ciwo, domin har mun rubuta rahoto. Tun daga nan nake ware 'yan wurare goma a kowane fili, in kafa turke, in ƙirga da hannu, sannan in gwada da abin da hoton ya nuna.

Mai_Dashe:
Allah ya saka da alheri, na fahimta. Zan fara da iyakoki da turaku a wannan makon. Malama, biyu daga cikin filayen akwai tsofaffin itatuwa tun kafin mu zo. Yaya zan ware su daga lissafin?