Wai wa ya fara rera Unchained Melody ne?

Auta: Salam jama'a, don Allah masana tsofaffin waƙoƙin Turawa ku warware min wannan. Ni tuntuni na ɗauka waƙar fim ɗin Ghost ce na 1990, wajen da suke ginin tukunya da yumɓu ɗin nan, to jiya ina yawo a YouTube sai na ci karo da ita da muryar wani daban, mai kauri, kiɗan ma na da ne sosai har ana jin ƙarar faifai. Wacce ce ta asali? Kuma na saurara tas ban ji an ambaci sunan waƙar a cikinta ba ko sau ɗaya.

Tsohon Faifai: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ta girmi Ghost da shekara 35. A 1955 aka yi wani fim a Amurka mai suna Unchained, labarin fursunoni ne a gidan yarin Chino na Kalifoniya, Alex North ya tsara kiɗan, Hy Zaret ya rubuta baitocin, sunan fim ɗin kawai aka liƙa mata shi yasa ba ka ji shi a ciki ba. Todd Duncan ne ya rera ta a fim ɗin, ya fito a fursuna, yana kishingiɗe yana begen wadda ya baro a waje. In ka san haka sai ka ji baitocin sun canza maka ma'ana gabaɗaya, ashe mutum ne a kulle yake ƙirga kwanaki. Mai kaurin muryar da ka ji ina zargin Al Hibbler ne, makaho ne, ya daɗe yana waƙa a ƙungiyar Duke Ellington. A wannan shekarar dai Les Baxter ya kai ta lamba ɗaya a Amurka, Roy Hamilton ma ya yi tasa, a Ingila kuma ta Jimmy Young ce ta hau sama.

Uwar Biyu: Baba ka bar mai gayya mai aiki ai. Ta Righteous Brothers ta 1965 ita ce wadda duniya ta riƙe, kuma duk da su biyu ne Bobby Hatfield kaɗai ya rera ta. Abin da ke taɓa ni, a bayan faifai aka cusa ta fa, waƙar Hung on You ce a gaba wadda furodusansu Phil Spector ya ɗora wa buri, sai masu saka waƙa a rediyo suka juya faifan suka dinga sakin ta bayan har ta kai ta 4 a Billboard, jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Ka sa abin kunne ka bi ta a nutse, yana farawa ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, ganga na shigowa a hankali, can wajen ƙarshe sai ya cilla muryar sama siririya, wallahi duk sanda na zo wajen sai tsigar jikina ta tashi.

Auta: Ikon Allah. Kenan Anti ta cikin Ghost ɗin sabuwa suka yi ko tsohuwar ce?

Uwar Biyu: Tsohuwar ce ta 1965. Da fim ɗin ya fashe ne suka koma situdiyo suka sake ɗauka, sai ga tsohuwa da sabuwa a jerin Billboard lokaci guda. A Ingila ta zama lamba ɗaya a 1990, Robson & Jerome suka maimaita a 1995, Gareth Gates a 2002.

Tsohon Faifai: Na yarda 'yata, amma ni har gobe ta Hibbler nake komawa, ya fi riƙe nauyin mai zaman kaso. Auta ka nemi ta Elvis Presley ma, wadda ya rera a birnin Rapid City na Amurka a Yunin 1977, yana zaune a gaban fiyano wani na riƙe masa makirfo, gumi na zuba, numfashi da ƙyar amma ya kai ta ƙarshe. Bai cika wata biyu ba bayan nan ya rasu.