Zan koma ƙauye bayan ritaya, me zan duba kafin in sayi gona?

Mai shirin ritaya: Assalamu alaikum. Saura shekara ɗaya in ajiye aiki, kuma na gaji da awo a Kano. So nake in samu inda zan yi gida, in noma abin da iyalina za su ci, in ɗaure 'yan awaki. An nuna mini fili a Auyo, an kuma yi mini tayin wani a yankin Doguwa. Waɗanda suka taɓa gwadawa, ku ba ni labari.

Bahaɗeje: Wa alaikumus salam, Alhaji. A wane wata aka kai ka Auyon? Ni da rani aka kai ni, na ga tumatir da albasa shar, ruwa kuwa da ka kafa bututu ka ja da inji, nan take na biya. Ambaliyar 2022 ce ta koya mini karatu: shinkafar ta tafi, ɗakin ƙasar da na gina ya zauna, da kwalekwale muka kwashe awaki. Ga kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya fantsama inda ya ga dama. Ƙasar tana da albarka, har yau ina noman rani a can, amma gidana na mayar kan tudu. In ka je, dubi jikin katangu, ruwa yana barin shaida. Ka kuma koma ƙarshen Agusta.

Uwar gida: Ku maza ƙasa kuke dubawa, mu ruwan sha muke tambaya. Shekara huɗu muka yi a yankin Doguwa. Damina ta fi ta arewacin Kano tsawo, masara tana yi sosai, rumbunmu bai taɓa zama wayam ba. Amma ƙarƙashin filinmu dutse ne. Sau biyu maigidana ya kira masu haƙa burtsatse, kuɗi suka tafi a banza. Rijiya kuma da Afrilu sai laka. Yarana ne suka sha ɗaukar jarka. Alhaji, ka tafi da Hajiya ta ga nisan asibiti da injin niƙa da idonta. Ka kuma tambayi direbobi yadda hanyar dajin Falgore take da dare.

Tsohon malamin gona: In gonar ta yi arha fiye da na kusa da ita, nemi wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe dawa. Da rani ba ka ganinta, sai dawa ta tasa. Tambayi maƙwabtan gona, ba dillali ba.

Wanda aka taɓa: Ni gado ne ya ci ni. Ɗaya daga cikin magada ya sayar mini, bayan na zuba taki mota uku sai ga 'yan uwansa mata da sammaci. Gaskiyarsu ce, ba a raba ba. Yanzu ba na biya sai mai unguwa da dagaci da duk magada sun sa hannu, sannan in nemi takardar ƙaramar hukuma, don dokar filaye ta 1978 a hannunta ta sa filayen karkara. Ka kuma tabbatar ba a kan burtali kake ba.

Mai shirin ritaya: Allah ya saka da alheri. A watan Janairu aka kai ni duka biyun, kun ga ke nan. Na fasa saye bana, haya zan kama in yi damina ɗaya tukuna. Hajiya, can Doguwar ana ba baƙo hayar gona, ko sai jingina?

Uwar gida: Ana bayarwa, amma ka je kafin ruwan fari, lokacin sharar gona.