Mayweather ne ya sa A-side a bakin 'yan kallon dambe?

Nafi'u: Salamu alaikum jama'a. Jiya a gidan kallo na ce wannan A-side da B-side da masu kallon damben zamani ke jifan juna da su, Floyd Mayweather ne ya kawo su, sai aka yi mini ca. Har yanzu ina kan bakana. Kafin karawarsa da Pacquiao a 2015, wa ya taɓa jin ɗan kallo yana tambayar wane ne A-side?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Ku fara fassara mana tukuna, ba kowa ne ke kwana a gidan kallo ba.

Kawu Sale: Rabi, magana ce ta masu faifai. A zamanin garmaho ƙaramin faifai waƙa biyu yake ɗauka, ɗaya a kowane gefe. Wadda kamfani ke sa ran za ta yi kasuwa ita ake ɗorawa a gefen A, ta gefen B kuwa rakiya ce. Na yi shekaru ina sayar da kaset, shi ma A da B ne a jikinsa. Masu shirya dambe a Amurka suka ari kalmar: wanda sunansa ke cika fili shi ne A, abokin karawarsa B. To Nafi'u ɗana, kalmar ta girmi gwanin naka nesa ba kusa ba.

Nafi'u: Kawu, ai ban ce shi ya ƙirƙiro ta ba. Cewa na yi shi ya fito da ita daga ofis ya sa ta a bakin mutane.

Malam Habu: Nan ma ka makara da shekara guda, Nafi'u. In mutum ɗaya za a ɗora wa laifin, Miguel Cotto ne. A watan Yunin 2014 ya kara da Sergio Martinez a Madison Square Garden. Martinez ne ke riƙe da kambun hukumar dambe ta WBC, Cotto mai nema ne kawai. A al'adar dambe sunan mai kambu ake fara rubutawa, shi ke shigowa fage a ƙarshe, shi ake gabatarwa a ƙarshe. Cotto ya ce sam. Aka sa sunansa a gaba, ya shigo a ƙarshe, aka kuma rage nauyin da za a auna zuwa laba 159 maimakon 160 na ajin kambun. Martinez ya yi ta ƙorafi a fili. Da aka zaunar da su gaba da gaba a tashar HBO, Cotto ya faɗa masa ba kunya cewa shi ne A-side, shi mutane ke biya su kalla. Ranar mutane da yawa suka fara jin ɗan dambe da kansa yana furta kalmar a gaban kyamara. Abin haushin kuma, ya kai Martinez ƙasa sau uku a turmin farko, ya karɓe kambun.

Nafi'u: Yawwa Malam, ka kawo mini hujja da hannunka. A wannan zaman ai Cotto cewa ya yi shi ma ya taɓa zama B-side sau biyu, gaban Pacquiao a 2009 da gaban Mayweather a 2012, kuma ya haƙura. A ina ya koyi darasin in ba wajen Mayweather ba?

Malam Habu: Shi kuma Mayweather a ina ya koya? A 2007 Oscar De La Hoya ne mai gida. Mayweather ya hau zuwa laba 154 ya same shi, De La Hoya ya tashi da kusan dala miliyan 52, shi kuma kusan miliyan 25, duk da shi alƙalai suka bai wa nasara. In haka za mu yi ta bin salsala sai mu kwana.

Isiyaku: Ku duka kuna neman mutum ɗaya ne, ni kuwa ina ganin zaman jira ne ya koya mana kalmar. An fara cinikin Mayweather da Pacquiao tun ƙarshen 2009, ya watse a kan gwajin jini, ba su haɗu ba sai 2 ga Mayu 2015. Fiye da shekara biyar me ɗan kallo zai tattauna? Babu naushi, sai labarin wa ya nemi kashi nawa, wa ya ƙi. Lokacin ne kuma Twitter da YouTube suka kama, kowa ya zama lauya. Da aka sanar da rabon kuɗin kashi 60 da 40, yaron da bai san sunan naushi ko ɗaya ba, ya san wa ya ci 60. In kura ba ta fito ba ai sai a yi ta musu a kan sawunta.

Nafi'u: Kuma wa ya ci 60 ɗin? Gidaje miliyan 4.6 suka biya kuɗin kallo. Sunan wa suka bi?

Isiyaku: Sunan su biyun. Ka haɗa Mayweather da Andre Berto bayan wata huɗu ka ga yadda kasuwar ta faɗi.

Anti Rabi: To ni yanzu na gane, kuma abin bai burge ni ba. Ɗan kallo da ba a ba shi ko sisi yana murna gwaninsa ya fi samun kaso? A 2018 na ga yaran gidanmu sun kusa dambacewa a kan Anthony Joshua da Deontay Wilder. Masu Joshua na cewa ya tara mutum 90,000 a Wembley ranar da ya kara da Wladimir Klitschko, saboda haka Wilder ya karɓi abin da aka ba shi ya yi shiru. Masu Wilder na cewa an yi wa Joshua tayin dala miliyan 50 ya noƙe. Ba wanda ke maganar wa zai doke wa.

Aminu: Anti, a nan zan ɗan saɓa miki. Kalmar tana da amfani, domin abin da take nufi yana shiga har cikin fagen. Ba kuɗi kaɗai A-side ke zaɓa ba. Shi ke zaɓar gari, ya sa baki a kan safar hannu da faɗin fage, ya kuma sa sharaɗin a sake karawa in ya faɗi. Dubi Gervonta Davis da Ryan Garcia a Afrilun 2023. An tsayar da nauyi a laba 136, aka kuma hana Garcia wuce 146 da safiyar damben. Dogon yaro irinsa, an matse shi kamar tsumma kafin ya shiga. A turmi na bakwai naushi ɗaya a haƙarƙari ya durƙusar da shi. Ɗan kallon da ya san wannan sharaɗin ya fi fahimtar abin da ya gani.

Malam Habu: Ba wanda ya ɗaure hannun Garcia ya sa hannu a takarda. Amma gaskiyarka, ko WBC da kanta ta raba wa Tyson Fury da Dillian Whyte kashi 80 da 20 a 2022.

Kawu Sale: Mu dai da muka ji na Ali da Frazier a 1971, dala miliyan biyu da rabi kowannensu ya samu. Na Ali da Foreman a Kinshasa a 1974, miliyan biyar-biyar. Ban taɓa jin wani a majalisa ya tambayi wa ya fi kaso ba. Wa ya sha kashi ake tambaya.

Aminu: Kawu, ko a gidan damben gargajiya ai kun san wanda in an ce zai sa zare ƙofa take cika, kuma sallamarsa ba ɗaya ba ce da ta sabon shiga. Suna ne kawai ba ku ba abin ba.

Anti Rabi: Sai dai gefen B ɗin nan ya sha kunyata ku. Andy Ruiz maye gurbi aka kawo shi a 2019, ya tsayar da Joshua a turmi na bakwai. Oleksandr Usyk ya yarda da kashi 30 a 2023 yana riƙe da kambu uku, Fury mai kambu ɗaya zai ɗauki 70, duk da haka cinikin ya watse. Da Saudiyya ta zuba kuɗi suka haɗu a Riyad a 2024, sau biyu Usyk yana doke shi.

Nafi'u: Anti, kin manta Joshua ya dawo da kambunsa bayan wata shida? Sharaɗin sake karawa ne ya ba shi wannan damar, kuma galibi A-side ne ke samunsa. Malam Habu, na ba ka Cotto a matsayin wanda ya fara faɗa a talabijin. Amma wanda ya mai da ita abin taƙama har yara suka ɗauka, wallahi Mayweather ne, ba zan janye ba.

Isiyaku: Riƙe abinka. Ni abin da ke ci mini rai, Joshua da Wilder ɗin da aka yi ta wannan musun a kansu, an kawo su dare ɗaya a Riyad a Disambar 2023, kowa da nasa abokin karawa, da nufin in sun ci a haɗa su. Joshua ya ci nasa. Joseph Parker ya yi wa Wilder turmi sha biyu yana dukansa.

Kawu Sale: Parker ɗin A ne ko B?

Nafi'u: Kawu don Allah ka bari.